Labarina da Ya Bi Malam Nata'ala

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Nata'ala Durun, marubucin gajerun labaran aljanu da al'ajabi, bayan 'yar jinya a Kabo. Ni Muntari Gwarzo abokin sana'arsa ne. Na daɗe ina kishinsa, kuma mutuwarsa ba ta rage mini komai ba.

Malam, kai ba ka taɓa yar da labari ba. Duk abin da ya faɗo maka sai ka kai maɗaba'a, kamar manomin da ya kai hatsi kasuwa bai sheƙe ba. Shi ya sa kowane littafinka akwai tsaba, akwai ƙaiƙayi. Labarin macijin nan da ya yi ta wa'azi har ƙarshe, wallahi ko kai ba ka sake karanta shi ba. Amma a buɗe shafi na gaba, sai ga rijiyar da ta bi mai ita gudun hijira, labarin da ya hana ni cin abinci don baƙin cikin ba ni na rubuta ba. Ni kuwa nakan tace, in goge, in sake tacewa. Littattafaina ba su da aibi, ba su kuma da masu karatu.

Abin haushin, ba ka ba ni dalilin ƙin ka ba. Lokacin da na kwanta ciwon ƙafa, kai ka hau babur cikin ruwan sama ka zo har Gwarzo da zuma. Kai ka riƙa ɗaukar littattafaina tare da naka kana kai wa masu sayarwa, kana cewa, "Ku fara da na Muntari, ya fi ni iya Hausa." Da na ce ka riƙa cire raunanan labaranka, dariya ka yi ka ce, "Su ma 'ya'ya ne, ina zan kai su?"

Ina da labari guda da ya taɓa fita daga hannuna ya shiga bakin mutane: aljanin da ya zo gayya, ya nome gonar gwauruwa, ya ƙi karɓar komai sai a kira shi maƙwabci. Da shi kaɗai nake sa ran a tuna ni.

A wurin zaman makokinka, bayan an shafa addu'a, Alhaji Sajo mai unguwa ya ɗauko labarin nan nawa tun daga farko, yana cewa naka ne. Dattawa suna gyaɗa kai. Ɗanka Muhammad Nur yana share hawaye, yana cewa, "Ashe Baba ne ya rubuta wannan? Ban sani ba."

Alhaji Sajo ya ce, "Wa kuma zai iya in ba shi ba? Ko ba haka ba, Malam Muntari?"

Kishi ya taso mini. Amma wa ke jayayya da mamaci a kan tabarmar makokinsa? Na dubi fuskar yaron nan, na ce, "Allah ya jiƙan Malam."

Ka gani ko? Ƙaiƙayinka an manta da shi tun kafin a tashi daga maƙabarta, tsabata kuma an zuba a rumbunka. Na san da kana nan da ka miƙe ka gyara musu, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Wannan rubutun ma mutanen Durun ba za su gan shi ba, tunda ni na yi.

To, na bar maka shi. Ba da daɗin rai ba, amma na bari.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Nata'ala, ka haskaka kabarinsa, ka karɓi ayyukansa ba tare da tacewa irin tawa ba. Allah ya ba matarsa Hajiya Asibi, da Muhammad Nur, da jama'ar Durun da Kabo haƙurin rashinsa. Ni kuma Allah ya yaye mini abin da ke raina, amin.