Wuƙar fiƙe alƙalamin Malam Nu'man

Shekara talatin Malam Nu'man na Amarawa yana rubuta Alƙur'ani da alƙalamin gamba, kuma da wuƙa ɗaya yake fiƙe shi, har washi ya cinye ta. Ya sayo wuƙaƙe masu naɗewa uku a kasuwar Illela, duk ƙyallin banza. Daga fiƙe alƙalami biyu sun dakushe, sai tauna gamba suke. Rubutu ya tsaya a Suratu Maryam.

Ƙanwarsa Lubabatu ta kawo masa wata mai araha daga Ƙonni, baƙa, duk tsatsa.

"Yaya, ba ta da kyawo, amma ita dukawa masu aikin fata ka saye."

Ya goge ta da mai, ya fiƙe alƙalami goma, kaifinta na nan. Ya yi hamdala, ya jawo tawada.