Taswirar dawa da ƙaro

Shekarun baya, lokacin ina karanta labarai a rediyo, 'yar yayata tana shirin jarrabawar shahada ta sakandare. Tun tana ƙarama ta rasa ganinta. Mahaifinta ya riga ya faɗa: in ta ci ta tafi jami'a, in ta faɗi karatu ya tsaya nan.

A maktabar unguwarmu a Gadarif, wato laburare, akwai ɗan ɗaki na makafi. Tebur biyu ne a ciki, da na'urar ɗaukar murya, inda masu sa kai ke karanta littattafan makaranta ana naɗa. Na ba da sunana, aka miƙo mini littafin jugurafiya, wato labarin ƙasa. A raina na ce, mutumin da jiha guda ke saurare kowace safiya, wannan ai wasa ne.

A rediyo an koya mana cewa abin da kunne ba zai kama ba, a cire shi. Saboda haka duk inda na ci karo da taswira sai in buɗe shafi na gaba. Kwana tara na gama, ko tuntuɓen harshe ban yi ba.

Bayan mako biyu Ustaza mai kula da maktabar ta aiko a kira ni. Na tarar da yarinyar zaune ta naɗe hannu.

"Kawu, littafin ya ce a dubi taswira ta huɗu. Ina take?"

Na ce ai taswira ba ta karantuwa.

"To malaminmu ya tambaye ni ko garin Hawata yana gabas da Gallabat ko yamma. Na ce masa kawuna bai sanar ba tukuna."

Ustaza ta yi dariya har da share ido. "Ya salam! Murya tamam, amma ka cinye mata rabin jiha."

Saura wata biyu jarrabawa. Da na kai ƙara gida, mahaifiyata ta ce, "Yarinyar da ke tsince tsakuwa a dawa da yatsa, ita ce za ta kasa gane gari?" Ta jiƙa ƙaro a kwano, Ustaza ta ba mu kwalaye. Igiya ta zama kogin Rahad, ƙwayar gyaɗa Hawata, wake Gallabat. Muka manne riɗi a filin Fashaga, dawa a sauran gonaki, tsinken tsintsiya a kan iyaka. Taswira goma sha ɗaya muka yi, ni kuma na sake naɗar littafin a hankali: "Ɗora yatsa kan gyaɗa. Yanzu bi igiya."

Ranar da sakamako ya fito, mahaifinta da kansa ya je tasha tambayar kuɗin motar da za ta kai ta jami'a.

Kwalayen sun zauna a maktabar, wasu ɗalibai suka ci gaba da amfani da su. Sau biyu ɓera ya cinye Gallabat, kuma duk biyun makaho ne ya fara lura.

Tun daga nan na daina yanke wa mai sauraro abin da zai iya ɗauka. Sai in tambaye shi. Na karanta labarai masu yawa a rayuwata, amma naɗin da nake alfahari da shi har yau shi ne wanda ake jin muryata tana cewa, "Matsa yatsa hagu kaɗan. Yauwa, kin iso gida."