Ishiyaku Ya Daina Tsiyaya a Robar Lemo

Duk mai cin kasuwar Kibiya ya san rumfar Malam Ishiyaku mai maganin feshi. Gajere ne, mai ƙaramar murya, ɗan asalin Saji ta ƙasar Rano. Da noman albasa ya tashi a fadamar mahaifinsa, ciwon baya ya raba shi da ban-ruwa, sai ya koma sayar da taki da maganin ciyawa da na ƙwari. Shekara goma sha ɗaya yana yi kamar kowa: wanda bai da ƙarfin sayen kwalba guda sai ya miƙo robar lemo, a tsiyaya masa murfi biyar ko goma.

Wata damina Habu, wani manomin wake daga Nariya, ya sayi maganin ƙwari a wurinsa a irin wannan roba. Ya je gida ya ajiye ta a gindin randa, ya fita sallar la'asar. 'Yarsa Salma mai shekara uku ta ga irin robar da ake sayo mata lemo a ciki ranar kasuwa, ta ɗauka ta sha. Da uwarta ta same ta tana dalalar da miyau, maƙwabta suka taru, aka ɗura mata manja, aka sa mata yatsa a wuya don ta amayar. Sai da jikinta ya saki aka nemi babur. A kan hanyar Rano ta cika.

Ishiyaku ya je gaisuwa. Habu ya karɓe shi hannu biyu, bai ce masa komai ba sai "Haka Allah ya so." Amma da Ishiyaku zai fito sai ya ga robar a yashe a bakin zaure, da ƙullin ledar da shi da kansa ya ɗaure mata a baki.

Bayan kwana uku ya nemi wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Nuriyya, ya tambaye ta abin da ya kamata a yi wa yarinyar. Ta ce ba a ba da manja, ba a ba da madara, ba a tilasta amai, domin yana iya faɗawa huhu. A cire rigar da maganin ya taɓa, a wanke jiki da sabulu, a garzaya asibiti nan take tare da kwalbar, likita ya karanta sunan maganin.

"To wane suna za a karanta a jikin robar lemo?" in ji Ishiyaku.

Ranar kasuwa ta zagayo, ya ƙi tsiyaya wa kowa. Ya ce mutum uku su haɗu su ɗauki kwalba mai takarda a jiki, ko kuma shi ya biyo su gona a kan babur ya auna musu kai tsaye cikin injin feshi. Duk wanda ya saya sai ya ji wa'azi: a rataye a sama ko a kulle a akwati, kada a ajiye inda ake girki, in ta ƙare a huda ta a binne. Mutane da yawa suka gaji, suka tsallaka rumfar gaba.

Alhaji Muntari, shugaban masu wannan sana'a, ya same shi a gaban jama'a.

"Malam Ishiyaku, kana shafa mana baƙin jini. Yanzu mu ne marasa imani ke nan? Yarinya kwananta ne ya ƙare."

"Kwana na Allah ne, Alhaji. Hannun da ya tsiyaya kuwa nawa ne, ni za a tambaya."

"In ka ci gaba da haka sai ka rufe rumfa."

"In rufe. Amma ba zan sake zuwa irin waccan gaisuwar ba."

Bai rufe ba, sai dai ya ji jiki. Taurin kan nasa ko gida bai bari ba. A wani suna a Saji ya ga yara na shan ruwa daga tsohuwar jarkar maganin ciyawa a gidan yayansa Ɗanmalam. Ya zubar da ruwan, ya zaro wuƙa ya farke jarkar a gaban baƙi. Yayan ya ce ai an wanke ta sau uku.

"Yaya, ko sau ɗari aka wanke, 'ya'yanmu ba za su sha a ciki ba."

Ɗanmalam bai ƙara amsa gaisuwarsa ba sai da babbar sallah.

Yanzu shekara huɗu ke nan. Cikin rumfuna bakwai na layinsu, biyu sun bi sahunsa, sauran suna nan a kan tsiyaya, har da ta Alhaji Muntari da ke kallon tasa. Ishiyaku ba ya faɗa da kowa. Yana zaune a kan buhun taki, in ya ga mutum ya fito daga can riƙe da roba, sai ya ɗaga 'yar muryarsa yadda duk layin zai ji.

"Malam, akwai yara a gidanka?"

Wani ya harare shi ya wuce, wani ya tsaya ya dubi abin da ke hannunsa.