Waken da Na Rina

Ni ɗan dattijon coci ne. Na fara da wannan ne don kada wani ya ce rashin tarbiyya ya kai ni gidan yari. A ƙauyenmu da ke ƙasar Kurfi gidajen Kirista ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sauran duk Musulmi ne, kuma tare muke biki, tare muke zaman makoki. Mahaifina awon hatsi yake yi a kasuwa, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin wanda ya sake auna abin da ya auna ba. Ni kuwa Allah ya ba ni kai. A makarantar Lahadi babu mai kamo ni a haddar ayoyi, mata suna guɗa, ni ina hura hanci.

Da na girma sai na koma Dutsin-Ma na kama rumfar hatsi. Sunan Baba ne jarina, domin duk wanda ya ji ɗan wane ne, sai ya saki jiki. Abin ya fara da ƙaramin abu. Na sayi kwanon awo biyu, ɗaya na saye, ɗaya na sayarwa, na biyun na buga masa guduma a gindi ya shiga ciki kaɗan. Na san Maganar Allah ta ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne a gabansa, ni da kaina na taɓa karanta wurin a gaban ikilisiya. Amma ranar Lahadi sai in sa farar riga in zauna a sahun gaba, har in riƙa hararar wanda ya makara.

Wata shekara wake ya kwanta mini a durom har damina biyu, ƙwari suka cinye masa ido. Ba ya ciyuwa, balle ya tsiro. Maimakon in zubar, sai na lura manoma suna rububin ingantaccen iri, wanda ake shafa wa jan magani a ƙulle a leda. Na sayo jar kala irin ta siminti, na cuɗa mataccen waken nan da hannuna, na zuba a leda na liƙe bakin da wutar kyandir. Ya yi kyau ƙwarai. Har murmushi na yi, tir da ni.

Cikin waɗanda suka zo saye har da Malam Haruna na Rawayau, aminin Baba tun suna samari. Musulmi ne, amma a gidanmu Baba Haruna muke ce masa. Ya zo da kuɗinsa da na maƙwabtansa da suka ba shi sautu.

Ya ce, "Ɗana, irin ga mai kyau ne ko? Gonar duka wake zan sa bana."

Na ce, "Haba Baba! Ka san gidan da na tashi. Mu an hana mu ƙarya."

Ko leda ɗaya bai buɗe ba. Ya sa mini albarka, ya ɗaure kaya a bayan ɗan acaɓa ya tafi. Da Littafin Allah na rufe bakin wannan ƙazanta, kuma na yi barcina lafiya lau.

Kwana goma bayan shuka, gonarsa fili fetal, sai ɗai-ɗai nan da can. Kafin a gane abin da ya faru lokacin shuka ya wuce. Babu wake, babu harawar da zai ciyar da shanun huɗarsa, dole ya sayar da sa guda. Abin da ya fi muni, maƙwabtan nan suka ce da haɗin bakinsa aka cuce su, tsoho da furfurarsa aka kira shi macuci a ƙofar masallaci. Su ne suka kai ƙara, shi bai kai ba. 'Yan sanda suka tarar da durom da kala da kyandir a bayan rumfata, alƙali ya ba ni shekara biyu.

A makon farko mahaifina ya zo ganina. Ya rame, bai zage ni ba, da ma ya zaga. Ya ce matan cocinmu ba su iya ɗaga kai a kasuwa, ana ta faɗin ashe haka Kiristocin suke. Sai ya ce in karanto masa ayar nan da ke cewa ɓarawo ya bar sata, ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin bai wa mabukaci. Na karanto tsaf, babu tuntuɓe.

Ya ce, "Ko harafi ba ka ɓata ba. To miƙo hannunka in gani."

Na miƙa. Jar kalar nan tana nan maƙale a ƙarƙashin faratana. Ya duba, ya tashi ya tafi. Ban taɓa jin warin kaina ba sai ranar. A cikin ɗakin da muke kwana akwai ɓarayin awaki da masu yankan aljihu, amma duk na ga sun fi ni tsabta, domin su ba su sa sunan Allah a cikin ledarsu ba.

Da aka sake ni ban koma Dutsin-Ma ba. Na ɗauki fartanya na nufi Rawayau, na durƙusa a gaban Malam Haruna da maƙwabtansa, na faɗa da bakina cewa bai san komai ba. Na roƙa a bar ni in yi masa noma damina guda. Na yi, hannuna ya fashe ya yi kanta. Ranar da muka kai amfani gida na sake neman gafararsa.

Ya ce, "Na yahe maka tuni, ɗana. Amma in faɗa maka gaskiya? Tun daga ranar nan, ko wajen mahaifinka na sayi hatsi sai na zura hannu har gindin buhu. Ba na so, hannun ne ke tahiya da kanshi. Wannan kai ka sa mani, kuma noma bai fidda shi."

Ƙannena, samari da 'yan mata, ku da kuke haddace ayoyi ana tafa muku, ku ji ni da kyau. Ba a coci ake gane wanda ya riƙe Maganar Allah ba, a rumfa ne, a kan babur, a wajen awo, lokacin da mai saye ya yarda da kai har bai duba ba. In kun ji aya guda, ku kai ta wurin sana'arku ku aikata kafin ku nemi ta biyu. Kada ku buga wa kwano guduma ko sau ɗaya, kuma kada ku taɓa jawo sunan Ubangiji ku yi talla da shi.

Ni na tuba, na kuma gaskata Yesu ya gafarta mini. Yanzu ƙwadago nake yi, ranar kasuwa kuma in taya Baba ɗaukar buhu. Ina tsaye a gefe nake kallo, tsofaffin abokan cinikinsa suna karɓar awonsa su juye a nasu kwanon su sake aunawa. Shi kuwa sai ya sunkuyar da kai ya jira su gama.