Gwaggo Jiya da Tef Mai Launi Uku

Gwaggona ta yi shekara ashirin da biyu tana taka keken ɗinki kafin idanunta su fara yi mata gardama da kafar allura. Da farko cewa ta yi allurar zamani ce aka ƙanƙance. Da aka nemo mata tsohuwa, ita ma zare ya ƙi shiga, sai ta lulluɓe keken ta ce ya huta, ita ma za ta huta.

Ba ta huta ba. Sati uku ta yi a gida tana gyara kowa da komai, har mijinta ya fara daɗewa a wurin aiki don neman sauƙi. Shi ne ma ya kawo mata labarin wata ƙungiya mai raba tallafin abinci, wadda ke neman matan da za su riƙa shiga gidaje suna tambayoyi, don a san ko tallafin na isa inda ake so, kuma ko yara na ƙoshi.

"Aikin tambaya ne zalla," in ji shi. "Kamar don ke aka ƙirƙire shi."

A wurin horo aka ba su waya mai faɗi da ake rubuta amsa a ciki, da wani siririn tef mai launi uku na auna damtsen ƙananan yara. In ya tsaya a kore, lafiya lau. In rawaya ne, sai a sa ido. In ja ne, sai babban asibiti. Sauran mata na ta kokawa da shi, Gwaggo kuwa ta zagaya hannun 'yar tsanar gwaji kafin mai koyarwa ya rufe baki.

Tambayarta ta farko a kowane gida ita ce, "Jiya me kuka ci a gidan nan?" Kafin wata biyu duk unguwa ta manta sunanta, sai Gwaggo Jiya.

Ba ita ke zaɓar gidan da za ta shiga ba, kwamfutar ofis ce ke jefa ƙuri'a. Kuma ko da yaushe takan faɗa tun daga bakin ƙofa cewa amsar mutum ba ta sa sunansa cikin masu karɓa, ba ta kuma cire shi. Ba kowa ke yarda ba. Wata mata ta rantse mata ko kaza ba su da ita, sai ga kukan akuya daga banɗaki.

"Wa ke ciki?" in ji Gwaggo.

"Baƙo ne."

"To ki leƙa, baƙon naki ya kusa cinye labule."

Matar ta yi dariya har da hawaye, aka rubuta akuya ɗaya.

Gidan da ya fi ba ta wuya shi ne na Baba Tela, mutumin da ya koya mata ɗinki tun tana budurwa. Ya rufe shago shekarun baya da kayan kanti suka cika kasuwa. Yanzu yana zaune da matarsa, wadda kowa ke kira Inna, da jikarsu 'yar shekara biyu da iyayenta suka bar musu suka tafi neman aiki. Da Gwaggo ta ga gidan a jerin ranar, sai da ta roƙi shugabarta a ba wata. Shugabar ta ce kowa na da nata jerin, ta tafi kawai.

Ta same shi da safe a ɗan falonsa, cikin riga mai karin guga kamar za shi ɗaurin aure. Tsohon kekensa na kusurwa yana sheƙin mai.

"Autar shago!" in ji shi. "Yau ke ce da wayar turawa? Zauna, tambayi abin da kike so."

Inna ta gaishe ta, ta koma bayan labulen kicin.

"Baba, jiya me kuka ci a gidan nan?"

"Da safe shayi da madara da ƙwai."

Daga bayan labule Inna ta yi tari sau ɗaya.

"Da rana fa?"

"Shinkafa da nama. Har ma ya yi yawa."

Tari sau biyu.

"A satin nan kwana nawa kuka ci kifi?"

"Huɗu. Ko biyar ma."

Wannan karon tarin har da buga murfin tukunya. Baba Tela ya juya ya ce, "Ke, ki sha ruwa mana."

"Na sha," in ji Inna. "Shi ne ma abin da ya yi yawa a gidan."

Gwaggo ta sunkuyar da kai tana danne dariya, amma yatsanta bai taɓa wayar ba. Ta san mutumin nan. A shago ko allura bai taɓa ara a maƙwabta ba. Ta ce bari ta auna yarinya tukuna, a dawo kan tambayoyin.

Inna ta fito da jikar, 'yar siririya mai manyan idanu. Gwaggo ta naɗe mata hannun riga, ta zagaya tef, ta duba. Ta sake. Sai ta miƙa wa Baba Tela tef ɗin da hannu biyu.

"Baba, ka san idona ya yi rauni. Kai ka koya mini awo. Duba mini."

Tsohon ya gyara tabarau. Ya nemi tsakiyar damtsen da yatsa, ya zagaya tef bai matse ba bai saki ba, kamar yadda yake yi wa manyan mutane a da. Ya daɗe yana kallo.

"Rawayan nan me yake nufi?"

Ta faɗa masa. Yarinyar kuwa na ta ƙoƙarin cizon bakin tef.

"A shago," in ji Gwaggo a hankali, "in mutum ya ce ƙugunsa inci talatin ne, ka taɓa yanka yadi da bakinsa?"

"Ban taɓa ba," in ji shi. Ya cire tabarau ya goge. "Share abin da na faɗa, Auta."

"Ban rubuta ba, Baba. Tarin Inna ya hana ni ji sosai."

Sai ya ba da amsa yadda take. Shayi babu madara. Shinkafa da mai da gishiri, sau biyu a yini. Nama tun watan jiya. Da aka zo tambayar ko akwai babban da ke haƙura da abinci don yaro ya ci, ya ce shi ne. Inna ta ce ƙarya yake, ita ce. Suka kama musu sosai, kowa na cewa ɗayan ya fi shi ci, har Gwaggo ta rubuta su biyun.

Ta ba su takardar zuwa asibitin unguwa, inda ake ba yara irin wannan abincin gina jiki. Baba Tela da kansa ya riƙa saɓa yarinyar a kafaɗa yana kai ta duk sati, cikin rigarsa mai karin guga. Nas-nas ɗin suka gaji da shi, don sai ya tsaya a kansu yana gyara musu riƙon tef.

Bayan wata uku aka tura Gwaggo zagaye na biyu. Yarinyar ta yi kumatu, har ta ƙwace wayar ta ruga bayan keke da ita. Da aka kamo ta, tef ya tsaya a kore. Inna ta rungume Gwaggo. Baba Tela kuwa ya ce shi ya san haka tun sati biyu da suka wuce, ya auna da tef ɗin ɗinki.

Aka zauna tambayoyi.

"Baba, jiya kun ci ƙwai?"

"Shekaranjiya mun ci. Na gaske, mu uku. Tambayi Inna."

Inna ta ce gaskiya ne.

"Jiya nake tambaya, Baba."

"To jiya da shekaranjiya ai maƙwabta ne!"

"Wayar ba ta da gurbin maƙwabta."

Ya yi fushi, ya ce lokacin da ba shi da komai ta zo a kan kari, yanzu da ya ci ƙwai ta makara da kwana ɗaya, da gangan ta yi. Gwaggo ta lallashe shi da cewa akwai tambayar kwana bakwai a gaba. Da aka iso wurin, ya matso da kujera, ya sa tabarau, ya ce sai ya ga shigar ƙwan da idonsa. Ta juya masa wayar, shi ya danna da yatsansa.

Yanzu shekarar Gwaggo shida a aikin, ita ke horar da sababbin mata. Mijinta ya ce aikin ya yi masa rana, don in ta dawo gida muryarta ta riga ta ƙare.