Wankan Duna a Toranke

Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna yawan tambayata ranar da ta fi tsaya mini a rai. Kuna zaton zan ce ranar da bijimi ya ɗaga ni sama. A'a. Ranar da na yi wa kare wanka ce, kuma ko ni na manta, hancina ba zai manta ba.

Lokacin ina mataimakin malamin dabbobi a Gaya. Aikinmu sananne ne: rigakafin shanu, ɗura wa awaki maganin tsutsa, duba nama a mahauta. Maganar kare ba ta zuwa mana sai in ya ciji mutum. To wata safiya da damina, gero ya fara fid da kai, wani dattijo ya shigo ofis. Kafin ya gama sallama Dakta, shugabanmu, ya tashi ya buɗe taga.

Sunansa Baba Haladu, manomi ne daga Toranke. Ya ce baƙin karensa Duna ya tare bodari a bayan akurkin kaji, bodarin ya sakar masa tusa. Ga wanda bai sani ba, abin da muke kira tusar bodari ba iska ba ce, wani mai ne yake fesawa. In ya kama gashi ruwa ba ya fid da shi, sai ma ya tayar da warin.

Mutanen gidan ba su san haka ba. Suka kora Duna cikin kududdufi da sanduna, ya fito abin ya ninka. Sai uwargida ta kulle shi a ɗakin awaki da kaskon turaren wuta.

"Yanzu warin biyu ne, Likita," in ji Baba Haladu, "kuma ba sa ga maciji da juna."

Ba abin dariya ba ne a wurinsa. Gidansa katanga ɗaya ne da masallacin unguwa. Masallata sun kai kuka, mai unguwa ya ce kafin Juma'a ko warin ya tafi ko karen. 'Ya'yansa har sun tanadi buhu da babur, za su kai shi daji su yar. Duna kuwa ya tsufa, ba zai kai labari ba.

Dakta ya dube ni ya ce, "Malam Sabi'u, ai ka ji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Toranke ƙasar Ajingi ce."

Ya ce, "Wari bai san iyaka ba. Ɗauki jakarka."

Maganin ba shi da wuya. Haidirojin ɗin da muke wanke ciwo da shi, da garin soda irin na masu burodi, da ɗan sabulun ruwa na wanke kwanuka. A buɗaɗɗen baho ake haɗawa, don in ka toshe shi a kwalba fashewa zai yi. A cuɗa a busasshen gashi, a ɗan jira, a ɗauraye. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya shiga ido. Dole wani ya riƙe kan karen.

Da na isa gidan na faɗi sharaɗin, nan aka yi cirko-cirko. Ina matsawa Duna ya yage mini haƙora. Babban ɗan ya ce yana da alwala. Ƙanensa ya tuna bai gama noman ciyawa a gonar gyaɗa ba, ya ɗauki fartanya ya fice. Kun san matsayin kare a gidajenmu: a raɗa masa suna, a jefa masa ɗumame daga nesa, ya kwana yana gadin awaki, amma hannu ba ya kai wa jikinsa, balle a ce jiƙaƙƙe ne. Ga jama'a sun yi dafifi a ƙofar gida, kowa ya toshe hanci da bakin riga, har da liman.

Baba Haladu ya matso ya ce a hankali, "Likita, tun yana ɗan kwikwiyo ban taɓa sa masa hannu ba."

Na ce, "To Baba, in babu mai riƙewa, sai dai in koma da kayana."

Ya dubi ƙofar gida, ya dubi buhun da aka ajiye a gindin rumbu. Sai ya cire rigarsa ya rataya a danga, ya tsuguna ya kira karen. Duna ya taho yana jan ciki, ya zaci duka ne. Tsohon ya tallabe haɓarsa da hannu ɗaya, ya rufe masa idanu da tafin ɗayan. Karen ya yi tsit.

Sau biyu na cuɗa shi na ɗauraye. Haidirojin ya ɗan ci baƙin gashin, Duna ya fito jaja-jaja, amma ba wanda ya damu. Liman ya shigo tsakar gida, ya ja numfashi kamar mai tayin daddawa, ya ce, "Babu laifi." Babban ɗan ya ɗauke buhun ya mayar cikin rumbu.

Na wanke baho, na haɗa jakata, na juyo. Baba Haladu yana nan a tsugune cikin caɓi, hannunsa a kan karen.

Na ce, "Baba, ai an gama."

Ya ce, "Na sani." Ya shafa kan karen. "Ashe kunnensa laushi ne da shi."

Gaskiya tausayinsu ya kama ni, su biyun. Na yi kamar igiyar jakata ce ta harɗe, na daɗe ina kwancewa.

Haɗa magani kowa zai iya koya muku. Abin da na ɗauko daga gidan nan shi ne, in kun je aiki ƙauye kada ku yanke wa mutum hukuncin ba ya son dabbarsa don ba ku ga yana shafa ta ba. Ku jira har a zo neman wanda zai riƙe.