Ƙayar Aduwa Bakwai da Faifan Kawuna

Malam Edita, sallama da fatan alheri.

A shekarun da ake shirin karɓar mulkin kai, ni sabon ango ne, ina aikin fassara da karanta labarai a ƙaramin gidan rediyon Maiduguri, irin na da, wanda ake ja wa mutum waya har gida a rataya masa akwati a bango. Mahaifina Bakano ne da fatauci ya zaunar a unguwar Fezzan, mahaifiyata kuwa Babarbariya ce, 'yar Yerwa. Aikin rediyo ya koya mini cewa komai da ma'auninsa. Idan an ce labarai minti goma ne, to minti goma ne, ba a ƙara ko numfashi ɗaya. Na ɗauko wannan hali daga ofis na kawo shi gida, ina kuma alfahari da shi. Mutane suna cewa ni mai tsari ne. Ban taɓa tambayar kaina ko wa tsarin yake yi wa amfani ba.

Abin da na fi so a duniya a lokacin shi ne tara fayafayan garmaho, baƙaƙen nan masu nauyi da ake yi da wani irin ƙaro, waɗanda in suka faɗi ƙasa sai dai a share. Ba kowane faifai nake tarawa ba, sai na kiɗan jaz da kiɗan rawa na manyan ƙungiyoyin makaɗa, wanda aka yi yayinsa kafin yaƙin duniya na biyu da lokacin yaƙin. Turawan da ke haɗa kayansu za su koma gida suna yin gwanjo, ni kuwa ba na duban kujera ko fitila, sai akwatin fayafayai. Wasu kuma direbobin da ke tsallaka iyaka zuwa Fort Lamy ke kawo mini. Na sa kafinta ya yi mini kabad a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, na jera su a tsaye, kowanne cikin rigarsa ta takarda. Kowane faifai yana da kati, a katin ina rubuta ranar da na sa shi da ko sau nawa aka sa shi. Dalili kuwa, allurar garmaho ta ƙarfe ce, duk sawa ɗaya sai ta ɗan ci zanen faifan. Faifan da aka yawaita sawa yakan yi toka-toka, sautinsa ya koma kamar ana soya ƙosai a bayan makaɗan. Wannan na karanta shi a littafi, na kuma gani da idona.

Wanda ya fara sa mini son wannan kiɗa kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Tsohon soja ne, ɗan badujala, mai busa ƙaho. Lokacin yaƙi an ajiye su a filin jirgin saman garin nan, inda Amurkawa ke sauka, a nan ya haɗu da wani baƙar fata daga cikin makanikansu wanda shi ma mabushi ne. Ba su jin harshen juna sosai, amma in an tashi aiki sai su zauna ƙarƙashin fiffiken jirgi, wannan ya busa, wancan ya mayar. Da Ba'amurken zai tafi ya bar masa faifai ɗaya. Kawu ya naɗe shi cikin bargo ya tafi da shi har ƙasar Bama, can hayin teku inda aka kai su yaƙi, ya dawo da shi bai fashe ba, sai dai ruwan can ya cinye takardar tsakiyarsa. Saboda haka har yau ban san sunan kiɗan ba, ban san su wa suka yi shi ba. Abin da na sani, a tsakiyarsa akwai inda duk makaɗa ke ja da baya su bar mai ƙaho shi kaɗai. Kawu ya ce wannan wurin ya koya sauti bayan sauti, ya ɗauki wata biyu kafin ya iya.

Lokacin da nake ba da labari, Kawu yana gyaran kekuna kusa da kasuwar Litinin, yana zaune a unguwar Umarari. Haƙoransa na gaba sun zube, don haka busa ta ƙare masa, ƙahon ma ya bayar. Garmahonsa kuma sifirin da ke juya faifai ya tsinke, ba a samu wani ba. Sai ya kawo mini faifan ya ce in ajiye, tun da ni ko atishawa zan yi sai na duba agogo, ba abin da zai lalace a hannuna. Malam Agogo yake kirana, a gaban kowa, har a gaban surukaina. Na karɓi faifan na duba shi da gilashin ƙara girma. Ya yi toka fiye da duk wanda nake da shi, musamman wurin busar nan, don can Kawu yake mayar da allura ya sake ji, ya sake ji. Na ƙiyasta cewa bai fi sawa biyar ko shida ya rage masa ba. A katinsa na rubuta da jan alƙalami cewa kada a sa.

Ina da dalili, kuma dalilin ba ƙarya ba ne. An yi mana alkawari a ofis cewa bayan damina za a kawo na'urar ɗaukar magana a tef daga Kaduna. Na tsara cewa in ta zo sai a sa faifan sau ɗaya tak, a naɗe shi a tef, Kawu ya riƙa ji duk lokacin da ya ga dama. Na bayyana masa wannan dalla-dalla, kamar ina karanta sanarwa. Ya saurara, ya yi dariya ya ce wato an kai faifansa gidan yari ke nan, ni ne kuma gandiroba. Daga nan duk Juma'a bayan masallaci yakan biyo ta gidana. Matata takan kawo masa shayi, ni kuma in sa masa wasu fayafayan, sababbi masu sheƙi. Yakan kaɗa ƙafa, ya yaba, ya ce mai gangar can ya iya, mai ƙahon nan kuwa gaggawa ta yi masa yawa. In zai tafi sai ya tsaya gaban kabad ya ce a gaishe masa da fursuna. Na ɗauka wasa yake yi. Wasa ne mana, amma ba wasa kaɗai ba ne.

Wata Juma'a a farkon damina ya zo da wuri, a ƙafa, don ya ara wa wani kekensa. Bai zauna ba sai da ya zaro kwalin ashana daga aljihu ya buɗe mini. Ƙayar aduwa ce a ciki, guda bakwai, busassu, an feƙe bakinsu. Ya ce a Bama in allura ta ƙare musu, wani hafsansu ƙaya yake sa wa garmaho, kuma ya gaya musu cewa ƙaya ba ta cin faifai. Ya ce ya fita bayan gari ya zaɓo waɗanda suka ƙosa, ya shanya su a inuwa, ya wasa su a dutsen da yake wasa kayan aikinsa. Na ɗauki ɗaya na juya ta a haske. Na ce masa littafin garmaho bai ambaci ƙaya ba, kamfanin da ya ƙera shi ma allurar ƙarfe ya sako a ciki, kuma abin da soja ya yi don dole a daji ba hujja ba ne. Na ce ƙaya tana iya karyewa cikin zanen ta bar tsaga. Ban ɗaga murya ba. Ni ba na ɗaga murya. Ya daɗe yana kallona, sa'an nan ya ce:

"Ɗana, ni ba cewa na yi ka mayar mini da shi ba. Sau ɗaya za ka sa mini, ina nan zaune, in ji wurin nan."

Na ce, "Kawu, a yi haƙuri zuwa bayan damina."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu bayan daminar."

Ya ajiye kwalin a kan kabad, ya sha shayinsa, ya tafi. Ranar bai ce a gaishe da fursuna ba. Da ya fita matata ta ce mini, cikin ladabi, tsohon nan fa daga Umarari ya tako cikin wannan rana, kuma faifan nasa ne. Na ce mata don nasa ne ma nake tsare masa shi. Sai ta ɗauke kwalin ashanar daga kan kabad, ni kuwa na ɗauka ta zubar.

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi ya kwantar da shi. Na je duba shi a rana ta biyu, na tarar da ɗakin cike da 'yan'uwa. Idonsa a rufe, amma yatsunsa uku na hannun dama suna motsi a kan bargo, ɗaya bayan ɗaya, leɓunansa a tsuke. Mahaifiyata ta ce tasbihi yake yi. Ni na san abin da yatsun nan suke dannawa. Tunanin in koma in ɗauko garmaho ya zo mini, ba zan ɓoye ba. Sai na ce a raina ba ya kyautuwa a shigo da kiɗa ɗakin majinyaci mutane na addu'a, bari ya ɗan samu sauƙi, a kawo shi gidana. Wannan ma dalili ne mai kyau. Duk dalilaina masu kyau ne. Washegari da safe ina tsakiyar karanta labarai aka turo mini 'yar takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Na karanta ta da ido ɗaya, na ga Kawu ya rasu, na ci gaba da labaran, na kammala daidai kan minti goma.

Na'urar ta zo bayan damina kamar yadda aka alkawarta. Wanda ya kawo ta wani dattijon injiniya ne ɗan Kudu, shi ma ashe yana tara irin fayafayan nan. Na kai masa na Kawu na nuna masa. Ya karkata shi a hasken taga ya ce wannan ya sha wahala, kada in ƙara barin ƙarfe ya taɓa shi. Sai ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗan gwangwani, ya ce daga Ingila yake sa a aiko masa, masu tara fayafayai na can da shi suke amfani. Na duba ciki, ƙaya ce. Ya ce ai ƙayar ce take cinyewa, faifan ba ya jin komai, sai dai sautin ya ɗan yi ƙasa. Har ya yi mini ba'a, ya ce mu da muke zaune a ƙasar da kowace bishiya ƙaya ce, me ya kai mu sayen allura. Na yi masa godiya. Na tuna na tambaye shi ko ta aduwa za ta yi, ya ce bai san aduwa ba, amma in ta bushe kuma tana da ƙarfi, ba abin da zai hana.

Na koma gida bayan la'asar na gaya wa matata abin da mutumin ya ce. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta shiga ɗaki ta buɗe kwallarta ta fito da kwalin ashanar. Sai a ranar na dubi ƙayoyin da kyau. Tsawonsu ɗaya, kaifinsu ɗaya, gindin kowacce an ɗan kankare shi daidai ramin da allura ke shiga. Mutumin da yake yi mini dariyar awo, ya auna su fiye da yadda zan iya. Na ɗaura ɗaya, na murɗa hannun garmahon, na sauke ƙayar a kan faifan Kawu a hankali. Kiɗan ya fito a ƙasa-ƙasa, a tausashe, kamar daga gidan maƙwabta. Ƙarar suyar nan da nake tsoro ma ta ragu. Gangar tana tafiya ba gaggawa, ƙahoni suna amsa wa juna, sai kuma duk suka ja baya suka bar mutum ɗaya. Ya fara daga ƙasa, ya ɗan yi jinkiri kamar mai neman abin da zai ce, ya hau, ya riƙe sauti ɗaya har na zaci numfashinsa zai ƙare, sa'an nan ya sauko a hankali. Matata tana tsaye a bakin ƙofa, tabarmar da Kawu yake zama a kai kuwa tana naɗe a jikin bango. Da faifan ya ƙare na ga ashe idona yana kan agogo, don hali ba ya barin mutum. Minti uku ne da 'yan daƙiƙoƙi. Abin da na hana shi ke nan. Na duba zanen da gilashi, ba abin da ya same shi.

An naɗe shi a tef daga baya, kamar yadda na tsara. Ba a yi shekara ba aka goge tef ɗin aka ɗauki shirin manoma a kai, don tef yana wuya a lokacin. Faifan kuwa yana nan a kabad, lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya. Ƙaya ɗaya faifai ɗaya take sawa bakinta ya dakushe. Ana iya sake wasa ta, ni ban taɓa yi ba, don washin ba zai zama nasa ba. Cikin shekarun nan na yi amfani da shida: ranar nan ta farko, da ranar sunan ɗana da na mayar wa sunan Kawu, da wasu ranaku huɗu da ba sai na faɗa ba. Aduwa tana nan cike da bayan gari, in ina so in yanko dubu. Amma saura ɗaya a kwalin.

Na rubuto ne saboda masu irin halina, kuma na san suna cikin masu karanta wannan mujalla: masu tara littattafai, da masu tara hotuna, da masu ajiye tufafin da ba a sawa. Ban ce ku daina adana abu ba. Amma in tsoho ya roƙe ku abin da ke hannunku, kada ku ba shi rana. Ni na lissafa saura nawa faifai zai yi, ban lissafa saura nawa mai faifan zai yi ba. In kuma ya zo muku da wata dabara da ba ta cikin littafinku, ku gwada ta a kan wani abin kafin ku ƙi. Ina da fayafayai cike da kabad waɗanda zan iya gwada ƙayar nan a kansu a ranar, yana zaune yana shan shayi. Ko tunanin haka bai zo mini ba, domin na riga na tabbata ni ne mai sani.

Na cire katin mai jan rubutu tuntuni. Na kuma yi niyya cewa duk wanda ya fara cewa yana son jin faifan nan, ko wane ne, zan ɗaura ƙayar ƙarshe tun bai rufe baki ba. Garmahon yana nan da mai a jikinsa, duk Juma'a nake duba shi. Har yau ba wanda ya tambaya.

Wassalam,
Wani tsohon ma'aikacin rediyo, Maiduguri.